Shaidar Amo a kan Ƙanƙarar Iskar Mitan a Ƙarƙashin Tekuna Masu Sanyi

Gabatarwa

Mai sayen tukunya a kasuwar Gummi yakan ƙwanƙwasa ta, daga amonta ya gane ko ta tsage. A wannan takarda za mu bayyana yadda masana suka bi irin wannan dabara wajen gano ƙanƙarar iskar mitan a ƙarƙashin teku.

Ƙanƙarar da Sharuɗɗanta

Ita wannan ƙanƙara takan samu ne idan ruwa ya daskare ya kulle iskar mitan a cikinsa. Sharuɗɗanta biyu ne, watau tsananin sanyi da matsi mai yawa. Don haka ba a samunta a duwatsun Anka da Bukkuyum inda ake haƙar zinariya, sai dai a gindin teku mai zurfi ko a daskararriyar ƙasa. In ta narke, mudu guda nata yakan saki kimanin mudu 160 na iska.

Yadda Amo Yake Tona Ta

Jirgin bincike yakan harba ƙara mai ƙarfi cikin ruwa, ta ratsa laka ta dawo, na'urori su ɗauka. Amo yana sauri a laka mai ƙanƙara, amma yakan rage gudu a ƙarƙashinta, inda iskar take sake. Iyakar da ke tsakani takan fito a matsayin layi mai bin siffar gindin teku, yana ƙetare shimfiɗun laka. Dalili kuwa, zafin ƙasa yana ƙaruwa da zurfi, don haka ƙanƙarar takan tsaya a zurfi kusan ɗaya. Haƙar da aka yi a Tudun Blake, gabas da Amurka, a 1995 ta tabbatar da wannan fassara. An ga irin layin a yammacin Svalbard da kusa da tsibiran Shetland ta Kudu.

Kammalawa

A 2008 an ƙirga fiye da wurare 250 da iskar take ɓuɓɓuga a yammacin Svalbard. Bincike na baya ya nuna ɓuɓɓugar ta daɗe, kuma yawancin iskar takan narke cikin ruwa kafin ta kai sama. Duk da haka, mitan ta fi hayaƙin kabon riƙe zafi kusan ninki 28 cikin shekara 100. Manomin Gummi, wanda abincinsa ya rataya a kan daidaituwar damina, yana da ruwa da tsaki a wannan ma'ajiya, ko da bai taɓa ganin teku ba.