Idan Kwaɗon Kiwo Ya Kamu Da Ciwo: Killacewa Kafin Magani

A Amurka da Turai da Japan akwai shagunan da ake sayar da kwaɗi kamar yadda ake sayar da tantabaru a kasuwanninmu. Mutum ya biya kuɗinsa, ya ɗauki kwaɗo zuwa gida, ya sa shi cikin akwatin gilashi mai ƙasa da ganyaye da ɗan kwanon ruwa, ya riƙa ciyar da shi da gyare da tsutsa, har ya raɗa masa suna. Mun san wasunku za su yi dariya, domin a wurinmu kwaɗo shi ne mai hana mu barci da damina, in kuwa ya kuskura ya shigo tsakar gida, tsintsiya ce rabonsa. Amma ku sani cewa cikin kwaɗin da aka fi sayarwa a waɗannan shaguna akwai wani ɗan mitsitsin kwaɗon ruwa da bai kai tsawon ɗan yatsa ba, wanda asalinsa daga dazuzzukan Nijeriya da Kamaru da Kongo yake.

Kiwon kwaɗo ba shi da wuya muddin yana da lafiya. Ranar da ya fara ciwo ne mai shi zai gane cewa dabbar nan ba kamar kaza ko akuya ba ce, kuma sirrin duka yana ga fatarsa.

Kwaɗo ba ya shan ruwa da baki. A ƙasan cikinsa, wajen cinyoyi, akwai wani sashe na fata da yake tsotsar ruwa da shi idan ya zauna a wuri mai danshi. Ta fatar yake samun wani kaso na iskar da yake shaƙa, ta nan kuma gishirin da jininsa ke buƙata yake shiga. Wato duk abin da ke cikin ruwan akwatinsa, ko a hannun wanda ya taɓa shi, sabulu ne ko man shafawa ko ƙwayar cuta, zai iya wucewa kai tsaye zuwa cikin jikinsa.

Ta yaya ake gane ba shi da lafiya? Da farko yakan daina cin abinci. Sai a ga wanda ya saba ɓuya da rana ya fito fili ya baje ƙafafu, ko ya shiga kwanon ruwa ya ƙi fita. Fatarsa na iya fara saɓulewa fiye da ƙima, ko cinyoyi da ciki su yi ja, ko jikin ya kumbura. Likitocin dabbobi suna da wani ɗan gwaji: a juya shi rigingine a hankali. Mai lafiya nan take zai birkice ya zauna daidai. Wanda ya kasa, abin ya yi nisa.

Jan cinyar nan galibi ƙwayoyin bakteriya ne ke kawo shi, kuma sun fi samun dama idan ruwa ya yi datti ko an cunkusa kwaɗi da yawa wuri guda. Ruwa ba ya tsami banza. Akwai kuma wata bairos da ake kira ranabairos, mai kashe kwaɗi da 'ya'yansu cikin 'yan kwanaki. Amma wadda ta fi tayar wa masana hankali ita ce kitirid, wata cuta dangin funfuna, 'yar uwar irin waɗanda ke kawo wa ɗan Adam makero. A 1998 aka gane ita ce ke ƙarar da kwaɗi a dazuzzukan Ostireliya da Amurka ta Tsakiya, a 1999 kuma aka ba ƙwayar sunanta na kimiyya, Batrachochytrium dendrobatidis. Ƙananan 'ya'yanta suna iyo cikin ruwa da 'yar wutsiya, su maƙale a fatar kwaɗo, su hayayyafa a ciki har fatar ta yi kauri. Daga nan gishirin sodiyam da fotashiyam da ke jininsa sai ya ragu, zuciya ta tsaya. Wani babban bincike da mujallar Science ta buga a 2019 ya ce cutar ta rage yawan nau'o'i 501 na kwaɗi da danginsu, ana kuma kyautata zaton 90 daga ciki sun ƙare daga doron ƙasa.

Yadda ta zagaya duniya ma abin lura ne. An daɗe ana zargin wani kwaɗon ruwa mai farce na Afirka ta Kudu, wanda aka riƙa aikawa asibitocin ƙasashe daban-daban daga shekarun 1930 domin gwajin juna biyu: a yi wa macen kwaɗon allurar fitsarin mace, in ta saki ƙwai to akwai ciki. Sai dai binciken 2018 ya nuna cewa tushen cutar yana gabashin Asiya, wajen Koriya, kuma cinikin kwaɗi tsakanin ƙasashe ne ya yaɗa ta, na ci da na kiwo da na ɗakin gwaji. An same ta har a tsaunukan Kamaru. Abin nufi, kwaɗo ɗaya da aka sayo yana tsalle lafiya ƙalau zai iya zuwa da ajalin duk waɗanda ya tarar a gida.

Shi ya sa masu kiwon da suka san abin da suke yi ba sa fara tambayar wane magani za su saya. Killacewa suke fara yi, kalmar da dukkanmu muka haddace lokacin korona. Sabon kwaɗo ba ya shiga cikin tsofaffi sai ya yi aƙalla kwana 30 shi kaɗai, gidajen namun daji da yawa ma sukan kai kwana 60 zuwa 90. In aka ƙara wani baƙo a wurin killacewar kafin wa'adi ya cika, lissafi ya koma farko. Wanda ya kamu da ciwo kuwa a ranar ake cire shi, su ma abokan zamansa a ɗauke su a matsayin waɗanda wataƙila sun kamu, ko da ba su nuna alamar komai ba.

Ɗakin jinyar ba ya son ado ko kaɗan. Robar ajiye abinci ce mai murfi, a huda ta don iska, a shimfiɗa farar takardar goge hannu mai danshi a ƙasa, a sa ɗan kwanon ruwa marar zurfi, sai kofin roba da aka yanke gefensa don ya samu maɓoya. Ba ƙasa, ba itace, ba ganye. Dalilin farar takarda shi ne a iya ganin kashinsa, da saɓar fatarsa, da jini idan akwai, kuma kullum ake zubar da ita a sa sabuwa. Ruwan famfo mai sinadarin kulorin yana ƙona fatar kwaɗo, don haka sai an sa masa maganin cire kulorin da ake sayarwa a shagunan kifin ado. Robar kuma ɗaki dabam ake kai ta, da nata cokali da nata bokiti da nata abin fesa ruwa, ba aro tsakaninta da sauran akwatuna.

Akwai wata ƙa'ida da muke ganin ta fi kowace muhimmanci duk da ba ta cin ko sisi: masu lafiya ake fara yi wa hidima, marar lafiya shi ne na ƙarshe. In aka juya tsarin, hannun mai jinya ne zai zama motar da cutar za ta hau. Ana sa safar hannu ta roba marar hoda, a jiƙa ta kafin a taɓa kwaɗo, a canja ta daga akwati zuwa akwati. Ana kuma ajiye ɗan littafi, a rubuta abin da ya ci, da nauyinsa, da yadda fatar take kowace rana, domin likita ya samu abin dubawa.

Shi likitan yakan goga auduga a ciki da ƙafafun kwaɗon, ya aika ɗakin gwaji a nemi ƙwayar. In kitirid ce, maganin da aka fi sani shi ne itirakonazol, wanda ake tsarma shi sosai a riƙa tsoma kwaɗon ciki na minti 5 kullum har wajen kwana 10. Awon maganin aikin likita ne, domin in ya yi ƙarfi yana kashe ƙananan kwaɗi. Bayan kowane wanka kuma sai a mayar da shi sabuwar roba mai tsabta, in ba haka ba an yi wanka an koma cikin turɓaya.

Saura tsohon akwatin, kuma a nan ne abin yake da sarƙaƙiya, domin abin da ke kashe ƙwayar cuta yana kashe kwaɗo. Ƙasar ciki da gansakuka da guntayen itace ba sa wankuwa, sai dai a ƙulle su a leda ko a ƙone. Gilashi da roba da duwatsu masu santsi su ake iya ceta. Ana fara goge su da ruwa har duk wani datti ya fita, saboda datti yana karya ƙarfin maganin. Sannan a kawo bilic, irin wanda muke wanke fararen kaya da shi. Abin da masu kiwo suka saba shi ne awo ɗaya na bilic cikin awo tara na ruwa, a bar shi ya jiƙa ko'ina na minti 15. Daga nan sai ɗauraya, a sake ɗauraya, a kuma sakewa, a shanya a rana har sai hanci bai ji ko ɓurɓushin warinsa ba. Kada a taɓa haɗa bilic da wani sinadarin wanke-wanke, domin yana iya fitar da iska mai guba da za ta illata mai wankin kansa.

To, Dettol fa, ko Izal, waɗanda da an ce tsabta su muke fara tunawa? Ko kusa. Irin waɗannan guba ne ga kwaɗo, kuma suna maƙalewa a jikin roba. A jihar Kwinsland ta Ostireliya ma da Dettol wasu mutane suke fesa wa wani ƙaton kwaɗo mai dafi da ya addabe su don su kashe shi.

Zafi da bushewa su ma makamai ne. Kitirid ta fi jin daɗi tsakanin digiri 17 zuwa 25 a ma'aunin Salshiyas. Gwaji ya nuna tana mutuwa cikin minti 5 a digiri 60, cikin awa 4 a digiri 37, haka kuma in kaya suka bushe ƙamas na awa 3 ba ta rayuwa. Da a ce Sakkwato ta zo a watan Afrilu, da ta gane kurenta. Sai dai ranabairos ta fi ta taurin kai, shanya kawai ba ta isa a kanta, don haka ba a fasa bilic. A 2024 wani masani a Jami'ar Macquarie da ke Sidni, Anthony Waddle, ya nuna cewa in aka jera bulo mai ramuka cikin 'yar rumfar leda a rana, wasu kwaɗi masu launin kore da zinariya sukan shige ramukan su gasa jikinsu har cutar ta bar su, kuma waɗanda suka warke ta haka ba sa saurin sake kamuwa. Wannan ba lasisi ba ne na a saka kwaɗo a ruwan zafi. Nau'o'i da yawa zafin zai riga cutar kashe su.

Ruwan da aka kwashe daga akwatin marar lafiya ba a watsa shi a lambu ko kwata. Ana zuba masa bilic, a bar shi ya jima, sannan a juye a masai. Wanda ya mutu kuma ba a jefa shi bayan gida inda ruwan sama zai ja shi zuwa kududdufi.

Tsabtar nan ba don kwaɗo kaɗai ake yin ta ba. Tsakanin 2009 da 2011, hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ƙirga mutum sama da 200, mafi yawansu ƙananan yara, da suka kamu da zazzaɓi da gudawa sakamakon ƙwayar salmonela, aka kuma bi sawu har zuwa waɗancan 'yan mitsi-mitsin kwaɗin ruwa da muka ambata. Yawancin yaran ba su ma taɓa kwaɗon ba, ruwan akwatinsa ne ya kai gare su. Shi ya sa ba a wanke akwatin kwaɗo a inda ake wanke kwanukan abinci, kuma hannu sai da sabulu bayan kowace hidima.

Abin da mai kiwo yake yi da robarsa guda, shi masana suka yi da ɗaruruwan kwaɗi a ƙasar Panama. A 2006, da kitirid ta iso garin El Valle, ginin da ake yi don ceton kwaɗi bai kammala ba. Sai aka karɓi ɗakuna biyu a wani otal, aka cika su da robobi, aka riƙa kwaso kwaɗi daga daji ana yi musu wankan magani ɗaya bayan ɗaya, masu aikin sa-kai kuma suna yawon kamo musu ƙwari. Cikinsu har da kwaɗon zinariya, wanda 'yan ƙasar ke alfahari da shi har suka ware masa ranar 14 ga Agusta. Tun 2009 ba a sake tabbatar da ganinsa a daji ba, amma zuriyarsa na nan a killace. Wani nau'in bai yi wannan sa'a ba: na ƙarshensa da aka sani, wanda ake kira Toughie, ya mutu a wani lambun tsirrai da ke birnin Atlanta ranar 26 ga Satumban 2016.

Mu a nan ba ma kiwon kwaɗi a ɗaki, amma muna kama su don darasin bayoloji, wani lokaci ƙungiyar kimiyya ta makaranta takan ajiye 'ya'yansu masu wutsiya a bokiti don a ga yadda ƙafafu ke fitowa. In aikin ya faɗo kanku, kada ku haɗa na kududdufai biyu a bokiti guda, kuma kowane bokiti da nasa kofin ɗiban ruwa. Ku jiƙa hannu da ruwa zalla kafin ku taɓa su, ba sabulu ba mai. In an gama darasi, masu lafiya a mayar da su ainihin kududdufin da aka ɗebo su, ba wanda ya fi kusa da ƙofar makaranta ba. Wanda ya nuna alamar ciwo kuwa a ware shi, a sanar da malam, bokitinsa kuma ya sha bilic da rana kafin 'yan aji na gaba su ɗauka.