Aibi Ko Nadama: Hukuncin Mayar da Iyafis Ga Mai Shago

Daga cikin ƙananan kayan da zamani ya zo da su, waɗanda ba a ƙirga su cikin dukiya amma kuma ba a jin daɗin zama babu su, da wuya a sami wanda ya kai ɗan abin sauraron nan na kunne, wato iyafis, yawan shiga hannun jama'a da kuma yawan haddasa gardama tsakanin mai saye da mai sayarwa. Tun daga shekarar 2001 da wayar salula ta fara aiki a Nijeriya, har zuwa yau da ta zama rediyo, ta zama majigi, ta zama allon karatu, buƙatarsa sai ƙaruwa take yi. Wanda duk ya tsaya a bakin babbar hanyar Katsina zuwa Kano inda ta ratsa Kankiya, ko ya shiga kasuwar Kusada ranar cinta, zai ga ɗalibin makarantar koyon aikin lafiya yana bitar darasi da shi, ɗan acaba yana amsa kira hannuwansa na kan babur, almajirin ilmi kuma yana gyara tilawarsa da bin muryar wani gwani. To, idan ɗayan waɗannan ya sayi mai araha, ya isa gida ya tarar kunne ɗaya ba ya magana, mene ne haƙƙinsa, kuma mene ne haƙƙin wanda ya sayar masa?

Kafin a kai ga hukunci, wajibi ne a san doguwar tafiyar da wannan haja take yi, domin sanin hanyar yana rage wa mutum saurin zargi. Akasarinta ana ƙera ta ne a kudancin ƙasar Sin, a masana'antun da ke kewayen Shenzhen da Guangzhou, ta sauka Legas ta bazu a kasuwar Alaba da ta Computer Village a Ikeja, ta hauro Kano zuwa Farm Centre da titin Beirut, inda ɗan kasuwar Kankiya zai je ya saro abin da jarinsa ya ɗauka, mai tebur a Kusada ko mai talla a tasha kuma ya sara daga hannunsa. A duk wannan silsila mai kyau da jabu tare suke tafiya, sau da yawa cikin kwali iri ɗaya da suna iri ɗaya, har ya zamana mai shagon ƙarshe bai fi mai saye sanin abin da ke cikin ledar ba. Tun kuwa da aka janye tallafin man fetur kuma darajar Naira ta faɗi a shekarar 2023, kuɗin sari da na mota suka hau, talaka ya koma neman mafi sauƙin farashi, ɗan kasuwa kuma ya koma saro abin da ya san zai fita.

Aibobin da ake samu ba su da yawa, kuma kowanne yana da dalilinsa. A cikin kowane kunne akwai ɗan maganaɗisu da naɗin siririyar wayar tagulla da wani falle mai kaɗawa wanda shi ke fitar da sauti. Idan aka tsuke hannu wajen ƙira, sai murya ta fito a shaƙe ko tana karkarwa. Igiyar kuwa zaruruwa ne na tagulla da ba su kai gashin kai kauri ba, kuma inda suka fi tsinkewa shi ne wuyan bakin da ake sokawa a waya, shi ya sa mutum zai ji sauti yana zuwa yana ɗaukewa idan ya lanƙwasa wurin. Akwai kuma wanda lafiyarsa ƙalau amma abin maganarsa ba ya aiki a wata wayar, saboda tsarin jera wayoyin bakin iri biyu ne, ba kowane ne ya dace da kowace waya ba. Marar igiya, wanda ke aiki da Bluetooth, cutarsa batir ce: ƙarami ne ƙwarai, zafin bazara yana gajiyar da shi, kuma abin da aka rubuta a kwali na awannin da zai yi ba kullum yake zama gaskiya ba. Ƙurar hunturu da dattin kunne su ma suna toshe ragar bakin, mutum ya zaci lalacewa ce alhali shara kawai take so.

A nan ne ya kamata mai hankali ya rarrabe abubuwa biyu da jama'a ke cakuɗawa, wato aibi da nadama. Aibi shi ne naƙasar da ke cikin haja tun tana hannun mai sayarwa, wadda al'ada ta ɗauka cewa kaya lafiyayyu ba su da ita, kuma wadda da mai saye ya gan ta da bai biya wannan kuɗi ba. Nadama kuwa ita ce mutum ya sayi abu lafiyayye daidai kuɗinsa, daga baya ya ji na abokinsa ya fi zaƙin sauti, ko ya ga launin bai yi masa ba. Na farko haƙƙi ne da ake nema, na biyu alfarma ce da ake roƙo, kuma mafi yawan tashin jijiyar wuya a bakin shago daga rashin wannan rarrabewa yake tasowa.

Malamanmu na mazhabar Imamu Malik sun daɗe da warware wannan mas'ala, kuma duk wanda ya kai babin ciniki a Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wanda ya rasu shekara ta 386 bayan hijira, ko ya zurfafa zuwa Muhtasar na Shehu Halil, ya ji ta a zaure. Hukuncin shi ne wanda ya sayi abu ya sami tsohon aibi a cikinsa yana da zaɓi: ko ya riƙe haka nan, ko ya mayar ya karɓi kuɗinsa. Idan kuwa wani sabon aibi mai ɓatawa ya auku a hannunsa kafin ya gano tsohon, to ko ya riƙe a biya shi gwargwadon tsohon aibin, ko ya mayar ya biya gwargwadon abin da ya ɓata. Amma sun gindaya sharaɗi mai nauyi, cewa wanda ya ga aibi ya yi shiru ba tare da uzuri ba, ko ya ci gaba da moron abin, ya nuna yarda, kuma yarda tana zubar da haƙƙi; saboda haka wanda ya ji kunne ɗaya ya mutu ranar Asabar, ya ci gaba da saurare da ɗayan har mako biyu, ba shi da ta cewa. Asalin dukkan wannan shi ne haramcin algus da ɓoye aibi, kamar yadda ya zo a Sahihu Muslim cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sa hannunsa cikin tulin abinci a kasuwa, ya ji danshi a ciki alhali saman busasshe ne, ya yi wa mai shi kakkausan gargaɗi.

Game da nadama, mazhabarmu ba ta ba mai saye ƙofa ba, domin Malikawa ba su yi riƙo da zaɓin majalisi ba: da zarar an ce "na saya", an ce "na sallama", ciniki ya faɗa, ko da ba a rabu ba. Sai dai shari'a ta buɗe hanyoyi biyu. Ta farko ita ce a sharɗanta zaɓi tun wajen ƙulla cinikin, na wani lokaci da ya dace da irin hajar, kamar wata guda ga gida ko kwana uku ga tufa; ke nan babu laifi mutum ya ce zai gwada zuwa gobe, in mai shago ya amince. Ta biyu ita ce iƙala, wato mai sayarwa ya warware ciniki don sauƙaƙa wa ɗan'uwansa da ya yi da-na-sani, aikin da ba tilas ba ne amma an kwaɗaitar da shi da lada mai girma. Dangane da rubutun da ake liƙawa a wasu shaguna cewa kayan da suka fita ba a dawowa da su, a mashhurin mazhaba sharaɗin barranta daga aibi ba ya amfanar mai sayar da irin waɗannan kaya, balle wanda ya san aibin ya rufe bakinsa.

Abin sha'awa shi ne dokar ƙasa ma kusan nan ta sauka. Dokar gasar kasuwanci da kare haƙƙin masu saye ta shekarar 2018, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a farkon 2019, ta kafa hukumar FCCPC a madadin tsohuwar majalisar kare masu saye ta 1992. Sashe na 132 ya ba mai saye wata uku daga ranar da ya karɓi kaya, ya mayar da su idan ba su kai ingancin da ya kamata ba, mai sayarwa kuma ya gyara, ko ya musanya, ko ya mayar da kuɗi. Sashe na 122 kuwa ya shafi wanda ya bayyana wa mai shago abin da yake son yi da hajar, misali ya ce don amsa kira yake so a waya iri kaza, aka ba shi, sannan ta ƙi yin aikin. Dokar ba ta ware abu mai araha ba, haka kuma ba ta ce mutum ya mayar da lafiyayyen abu don kawai ransa ya sauya ba.

Duk da haka, wanda ya san zaman garuruwa irin Kankiya da Kusada ya san ba rashin hukunci ne ke hana mutane mayar da kaya ba. Akwai kunya, domin mai shagon ko dai ɗan unguwa ne, ko suruki, ko wanda ake haɗa sahu da shi a masallaci, kuma mutum yana gudun a ce ya tada magana a kan abin da bai taka kara ya karya ba. Akwai nisa, domin wanda ya zo daga ƙauye ranar kasuwa, kuɗin babur ɗin komawa kan iya fin kuɗin hajar. Akwai rashin shaida, tunda ba a saba ba da rasit a kan ƙaramin ciniki ba, mai talla kuma yau yana nan gobe yana kasuwar Charanci. Daga ƙarshe sai mutum ya ce araha ba ta ado, ya jefar, ya sayi wani. Wannan haƙuri kuwa, ko da yake halin kirki ne ga mutum ɗaya, idan ya zama ɗabi'ar gari duka shi ke tabbatar wa mai kawo jabu cewa kasuwarsa ba za ta mutu ba.

Maganin abin yana farawa ne tun kafin kuɗi su bar aljihu, domin ba a cinikin biri a sama. Mai saye ya nemi a buɗe, ya soka a tasa wayar, ya saurari kowane kunne shi kaɗai, ya kira wani ya tabbata ana jin muryarsa, ya ɗan motsa wuyan igiyar, sannan ya tambaya a fili, gaban wanda ke wurin: "Malam, in na je gida ya ba da matsala, zan iya dawowa da shi gobe?" Idan aibin ya bayyana, ya daina amfani da shi nan take, ya haɗa da kwalinsa, ya koma da wuri, ya yi sallama, ya jira masu ciniki su ragu, sannan ya ce: "Alhaji, ga abin da na saya jiya, don Allah gwada ka ji da kunnenka." Wanda aka ba dama ya ji da kansa, ba a tozarta shi gaban abokan cinikinsa ba, ya fi saurin cewa a zaɓi wani. In an ƙi, akwai shugabannin 'yan kasuwa da sarkin kasuwa, waɗanda sulhu irin wannan aikinsu ne tun kaka da kakanni, kafin a yi zancen hukuma ko alƙali.

Shi kuma mai shago, maslaharsa tana cikin abin da yake gudu. Idan ya gwada kaya kafin ya miƙa, ya faɗi gaskiya cewa wannan mai sauƙin kuɗi ne ba zai yi ƙarko kamar wancan ba, ya fita daga alhakin ɓoye aibi, tunda aibin da aka bayyana aka yarda da shi ba a mayar da ciniki a kansa. Idan kuma ya riƙa tara waɗanda aka dawo da su ya mayar wa dilansa a Kano, shi ma ya nemi haƙƙinsa da hujjar da aka nema a wurinsa, sai asarar ta riƙa komawa baya mataki mataki zuwa ga wanda ya shigo da kayan, wanda shi ne ya fi kowa ikon zaɓar mai kyau. A ƙaramin gari abokan ciniki ƙididdigaggu ne, labari kuma ba ya kwana. Ɗan kasuwar da aka sani da karɓar kayansa idan sun yi aibi, ribar iyafis ɗaya ya rasa, amma shi za a nufa ranar da za a sayi waya sukutum.