Kwanakin Teku: Yadda Matafiyi Ke Cinye Su

Mutumin Adar, ko na Buza ne, ko na Madawa ko Keita, ya san doguwar tafiya, amma ta tudu. A mota akwai zango, akwai kasuwa, akwai inda za a sauka a miƙe ƙafa. Jirgin ruwa kuwa yana da wasu ranaku da ake kira kwanakin teku, watau ranakun da ba ya tsayawa a kowace tasha, daga asuba har dare ba a ganin kome sai ruwa da sama.

Hausawa sun daɗe da sanin irin waɗannan ranaku. Sarkin Katsina Muhammadu Dikko ta teku ya bi zuwa Ingila da Makka a 1921. Daga ƙasarmu kuma, sojoji da ƴan makaranta da ma'aikata sun sha gangarawa bakin teku su shiga jirgin Faransa. Ɗaya daga cikin jiragen nan, Jean Mermoz, ya soma zirga-zirga tsakanin Marsai da gaɓar Afirka ta Yamma a 1957. Da jirgin sama ya ƙwace masa fasinja, sai aka mai da shi jirgin yawon shaƙatawa a 1970.

Na yanzu sun zama kamar gari. Icon of the Seas, wanda ya fara aiki a 2024, yana iya ɗaukar fasinja fiye da 7,000. A ciki akwai wuraren iyo da na motsa jiki, da zauren wasanni, da gidajen abinci barkatai.

To, a nan ne hankali ya kamata. Dokar ƙasashe da yawa ta hana buɗe gidan caca da kantunan jirgi yana tsaye a tasha, saboda haka ranar teku ce ranar kasuwarsu. A kantunan ba a biya da kuɗi hannu, katin ɗaki ake miƙawa, lissafi sai ranar sauka. Wanda ya yi shekara yana tanadi yana iya zubar da shi kafin la'asar, bai ji fitarsa ba.

Abin da ya fi amfani kuwa ba a sayar da shi. Da sassafe mutum ya kewaya saman jirgi da ƙafa, in jiri ya taso masa ya kafa ido can inda ruwa ya haɗu da sama. Mai salla ya riƙa binciken alƙibla kowane lokaci, domin jirgi yana juyawa, kuma agogo yana sakewa in an nufi gabas ko yamma. Wanda ya yi yaƙi da jahilci ya riƙe littafi da alƙalami, ya rubuta wa na gida abin da ya gani. Sauran yini kuwa hira ta cika shi: maƙwabcin tebur yana iya zama mutumin wata ƙasa da bai taɓa jin sunan Tawa ba, kuma akwai lokacin koya masa dara tun daga haƙa gurbi.