Me Ke Hana Mata Zuwa Awon Bakin Mahaifa?

Duk wanda ya tsaya ƙarƙashin gadar Kwangila da safe zai ga motoci suna ɗibar mutane zuwa Samaru da Shika. Cikin fasinjojin akwai mata masu zuwa Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello. Wasunsu ciwon dajin bakin mahaifa ne ya kai su, kuma sai da ya ci jiki sannan aka ɗauko su.

Bayan dajin nono, wannan ne dajin da ya fi kama mata a Nijeriya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2020 ya kama mata wajen 12,000 a ƙasar nan, ya kashe kamar 8,000.

Wata ƙwayar cuta mai suna HPV ce ke jawo shi. Ana ɗaukarta ta hanyar saduwa. Jikin yawancin mutane yakan kawar da ita da kansa. Amma a jikin wasu mata sai ta zauna, ta yi ta ɓata fatar bakin mahaifa sannu a hankali. Takan ɗauki shekara 15 zuwa 20 kafin ta zama daji. Duk tsawon wannan lokaci mace ba ta jin ciwon komai. Tana daka, tana sana'arta, tana haihuwa.

To, a nan gizo ke saƙar. Mutane ba su saba zuwa asibiti ba sai ciwo ya kwantar da su. Shi kuwa wannan awo don mai lafiya aka yi shi. Ma'aikaciyar asibiti kan shafa wani ruwa mai tsami a bakin mahaifa. Wurin da ya fara ɓaci sai ya yi fari. Akan kashe wurin da zafi ko da sanyi, wani lokaci ma a ranar, mace ta koma gida da ƙafarta. Awon 'yan mintoci ne. Ana son mace ta fara yi daga shekara 30. Mai ɗauke da ƙanjamau kuwa daga 25, domin ta fi saurin kamuwa.

Kunya ma na hana wasu, ga tsoron kada namiji ne zai duba su. Mace na da ikon ta ce ita mace take so ta duba ta, kuma ba laifi ba ne ta faɗa tun a bakin ƙofa.

Amma babban ƙulli yana hannun maigida. Shi ke ba da izinin fita, shi ke ba da kuɗin mota da na kati. Idan matarsa ta ce za ta asibiti, sai ya tambaya me ke damunta. In ta ce ba komai, shi ke nan magana ta mutu. Wani kuma da ya ji ta hanyar saduwa ake ɗaukar cutar sai zargi ya shiga ransa. Wannan kuskure ne babba. Matar da ba ta taɓa sanin kowa ba sai mijinta tana iya kamuwa, domin namiji kan ɗauki ƙwayar shekara da shekaru bai sani ba. A gidan da ke da mata biyu ko uku, ya kamata a kai su duka.

Akwai kuma wadda alamu sun riga sun fito mata: jini bayan saduwa, ko jini bayan al'ada ta ɗauke don girma, ko fitar ruwa mai wari. Sai a ce ciwon sanyi ne, a sayo magani a kemis ko wajen masu talla a tasha. Wani lokaci a ce sammu ne. Wata da watanni su wuce. Mai irin waɗannan alamu kada ta jira ranar awo, likita za ta gani kai tsaye.

A watan Oktoba na 2023 gwamnati ta fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 allurar rigakafin HPV kyauta. Ta iso Jihar Kaduna a watan Mayu na 2024. Allurar ta yara ce, ba ta kawar da ƙwayar da ta riga ta shiga jikin uwa. Don haka matar da ta kai jaririnta rigakafi, sai ta tambayi malamar asibiti inda ake awon bakin mahaifa, da ranar da ake yi, da abin da za ta riƙo.