Waƙoƙin da suka hau matsayi na ɗaya a jadawalin Billboard Hot 100 a shekarar 2019

Billboard Hot 100 jadawali ne na mako-mako da mujallar Billboard ke fitarwa a Amurka tun daga watan Agusta na 1958, wanda ke jera waƙoƙi 100 da suka fi karɓuwa a ƙasar. A shekarar 2019 waƙoƙi 16 ne suka hau matsayi na ɗaya. An fi tunawa da shekarar saboda waƙar "Old Town Road" ta Lil Nas X, wadda ta yi mako 19 a jere a saman jadawalin, da kuma yadda tsofaffin waƙoƙi suka dawo suka yi fice ta hanyar intanet.

Yadda ake lissafi

Abubuwa uku ake haɗawa wajen ba waƙa matsayi: yawan cinikinta, yawan sanya ta a gidajen rediyo, da yawan sauraronta kai tsaye ta intanet a manhajoji irin su Spotify da Apple Music. A shekarar 2013 aka fara ƙirga kallon da aka yi wa waƙa a YouTube. Wannan tsari ya sa waƙa za ta iya kaiwa ƙololuwa ko da gidajen rediyo ba su riga sun karɓe ta ba, muddin jama'a na ta sauraronta a wayoyinsu.

Jerin waƙoƙin da yawan makonninsu a 2019

- "Thank U, Next", Ariana Grande: mako 1
- "Without Me", Halsey: mako 2
- "Sunflower", Post Malone da Swae Lee: mako 1
- "7 Rings", Ariana Grande: mako 8
- "Shallow", Lady Gaga da Bradley Cooper: mako 1
- "Sucker", Jonas Brothers: mako 1
- "Old Town Road", Lil Nas X da Billy Ray Cyrus: mako 19
- "Bad Guy", Billie Eilish: mako 1
- "Señorita", Shawn Mendes da Camila Cabello: mako 1
- "Truth Hurts", Lizzo: mako 7
- "Highest in the Room", Travis Scott: mako 1
- "Someone You Loved", Lewis Capaldi: mako 3
- "Lose You to Love Me", Selena Gomez: mako 1
- "Circles", Post Malone: mako 2
- "Heartless", The Weeknd: mako 1
- "All I Want for Christmas Is You", Mariah Carey: mako 2

Farkon shekara

Ariana Grande ce ta mamaye watanni uku na farko. A cikin watan Fabrairu waƙoƙinta uku suka riƙe matsayi na ɗaya da na biyu da na uku a mako guda, abin da babu wanda ya yi tun bayan ƙungiyar Beatles a 1964. "Shallow", wadda aka yi domin fim ɗin A Star Is Born, ta hau kai a watan Maris bayan ta lashe kyautar Oscar kuma mawaƙan biyu sun rera ta a wajen bikin.

Old Town Road

Lil Nas X matashi ne ɗan jihar Jojiya da bai da wani kamfanin waƙa lokacin da ya saki waƙar a watan Disamba na 2018. Ya sayi kiɗan ne a intanet kan dala 30 daga wani mai haɗa sauti ɗan ƙasar Holan da ake kira YoungKio. Waƙar ba ta kai minti biyu ba, kuma ta bazu ne a TikTok, inda matasa ke sanya tufafin makiyayan shanun Amurka suna rawa da ita.

A watan Maris na 2019 Billboard ta cire ta daga jadawalin kiɗan kantiri, wato kiɗan karkarar Amurka, bisa hujjar cewa ba ta cika siffofin wannan salo ba. Matakin ya jawo muhawara kan ko launin fatar mawaƙin, wanda baƙar fata ne, ya yi tasiri, zargin da mujallar ta musanta. A farkon Afrilu aka fitar da sabon zubin waƙar tare da tsohon mawaƙin kantiri Billy Ray Cyrus. Ta zauna a matsayi na ɗaya daga Afrilu zuwa Agusta, ta karya tarihin mako 16 da "One Sweet Day" ta Mariah Carey da Boyz II Men ta kafa tsakanin 1995 da 1996, wanda "Despacito" ta kamo a 2017.

Wadda ta sauke ta ita ce "Bad Guy", bayan ta yi mako tara a matsayi na biyu. Da haka Billie Eilish, haifaffiyar 2001, ta zama ta farko cikin waɗanda aka haifa daga shekarar 2000 zuwa sama da ta hau saman jadawalin.

Dawowar tsofaffin waƙoƙi

Lizzo ta saki "Truth Hurts" tun a 2017 ba tare da ta shiga jadawalin ba. Sai bayan ta bazu a TikTok, aka kuma sa ta a fim ɗin Someone Great na Netflix, sannan ta kai matsayi na ɗaya a watan Satumba na 2019.

Waƙar da ta rufe shekarar ta fi wannan tsufa. An fitar da "All I Want for Christmas Is You" a 1994, amma sai a Disamba na 2019, bayan shekara 25, ta hau kai a karon farko, saboda yawan sauraronta a intanet lokacin Kirsimeti. Ita ce waƙa ta 19 da Mariah Carey ta kai wannan matsayi, adadin da ya fi na kowane mawaƙi mai waƙa shi kaɗai, kuma ɗaya kacal ya rage ta cimma Beatles masu 20.