Hattara da Hayar Sunan Kamfani

Jama'a, a yi hattara. Duk wanda aka zo wa da tayin ya biya kuɗi ya buɗe reshe da sunan wani babban kamfani, gidan abinci ne, kantin magani ne ko wurin sayar da iskar gas, kada ya fitar da ko sisi tukuna. Kiran nan ya fi shafar ma'aikatan da suka karɓi kuɗin sallama, da matan da suka ci gado, da masu shirin sayar da fili ko gona don su shiga wannan harka ta farancayis.

Tayin akwai daɗin ji. Suna sananne ne, za a horar da yaranka, za a kawo maka kaya, kai dai ka zauna ka ƙirga kuɗi. Abin da ba a cika faɗa da ƙarfi ba shi ne, kamfani daga ciniki yake cire kasonsa, ba daga riba ba. Kamfanin Subway na Amurka, alal misali, yana karɓar kashi 8 cikin ɗari na cinikin reshe, ya ƙara kashi 4.5 na talla. A ce irin wannan sharaɗi aka gindaya maka, kuma ka yi cinikin naira miliyan 10 a wata. Naira miliyan 1 da dubu 250 sun tafi kenan, alhali ba ka biya haya ba, ba ka sayi dizal ba, ba ka sallami ma'aikata ba. Watan da ka faɗi ma sai ka biya. Asarar taka ce kai kaɗai.

Bayan wannan, yarjejeniya da yawa suna ɗaure mutum ya sayi kaya a wurin kamfani kawai, a farashin da kamfani ya yanka. Ko ka ga man gyaɗa ko fulawa da araha a kasuwar Singa, ba ka da ikon saye. Irin wannan ne ya jawo rikici tsakanin kamfanin Quiznos da masu rassansa a Amurka, har suka maka shi a kotu. Quiznos ɗin, wanda ya taɓa samun rassa sama da 4,000, ya bayyana karayar arziki a 2014, kuma kafin nan masu rassa da dama sun riga sun rufe shagunansu da bashi a wuya.

Kada kuma girman suna ya ruɗe ku, a nan gida mun gani da idonmu. Mr Bigg's, wanda kamfanin UAC ya fara a Legas a 1986, ya taɓa mamaye manyan garuruwan Nijeriya da rassa fiye da 150, da yawansu a hannun masu hayar suna. Yau sai ka yi yawo kafin ka ga ɗaya. Shoprite ta Afirka ta Kudu ta sayar da harkarta ta Nijeriya a 2021, waɗanda suka saya suka ci gaba da amfani da sunan, amma hakan bai hana a rufe reshen Ado Bayero Mall da ke Kano a watan Janairun 2024 ba. Idan masu biliyoyi sun ji jiki, ina ga mai kuɗin fansho?

In kamfanin na ƙasar waje ne, haɗarin ya ninka. Kafin watan Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, zuwa farkon 2024 ta haura 1,500. Wanda aka rubuta masa biya da dala, yana ciniki da naira, nauyinsa ya ruɓanya sau uku ba tare da ya ƙara sayar da ko cinyar kaza ɗaya ba. Kuma irin wannan yarjejeniya sai an yi mata rajista a hukumar NOTAP kafin banki ya tura kuɗin waje ta halastacciyar hanya.

A Amurka doka ta tilasta wa kamfani ya miƙa wa mai saye cikakkiyar takardar bayani, har da shari'o'in da ake yi da shi da sunayen waɗanda suka bar harkar, kwana 14 kafin ya sa hannu ko ya biya. Kai a nan, in ba ka matsa ba, babu mai ba ka. To, ka matsa. Ka ce a ba ka yarjejeniyar gaba ɗaya ka kai wa lauyanka, ba lauyan da su suka nuna maka ba. A duba shekara nawa ce, wa ke da ikon soke ta, ko za su iya buɗe wani reshe a bayan layinka, da abin da zai faru da kuɗinka in ka ce ka fasa. Ka je da ƙafarka wurin masu rassa, musamman waɗanda suka rufe, domin su ne ba su da dalilin ɓoye maka komai.

Sai kuma 'yan damfara tsantsa, masu ɗora tambarin kamfani a Facebook da WhatsApp suna cewa gurbi biyu ya rage a jiharku, a biya kuɗin fom kafin Juma'a. Wannan cinikin biri a sama ne. A binciki rajistar kamfanin a hukumar CAC, a je hedikwatarsa ido da ido. Duk wanda ya ce a tura kuɗi asusun wani mutum maimakon asusun kamfani, a katse maganar nan take, a kai lambar asusun ga 'yan sanda ko EFCC, sannan a sanar da 'yan'uwa a gida da masallaci kafin ya juya kan wani.