Dabarar Giwa da Dabarar Tarwaɗa a Cinikin 'Yan Ƙwallo

A ilmin halittu, dabbobi sun sha bamban wajen wanzar da irinsu. Giwa takan yi wata 22 da ciki, ta haifi ɗa guda. Tarwaɗa kuwa dubban ƙwai take zubawa. Ko mafi yawansu sun salwanta, wasu za su rayu.

Irin wannan lissafi ne manyan ƙungiyoyin wasa suke yi. A gasar NFL ta Amurka, mai kama da zari-ruga, ƙungiyoyi 32 kan zaɓi sababbin 'yan wasa bi da bi, kuma ana musayar guraben zaɓen. A 1989 Dallas Cowboys ta ba Minnesota Vikings gwarzonta Herschel Walker, ta karɓi gurabe masu yawa, sannan ta ɗauki kofi a kakar 1992, da 1993, da 1995.

A Nijeriya babu wannan tsari, sai saye da sayarwa. Ahmed Musa ya ci wa Kano Pillars ƙwallo 18, ya tafi Holan a 2010, Rasha a 2012, Ingila a 2016. A irin wannan ciniki na ƙasa da ƙasa, dokar FIFA ta ware kashi 5 cikin 100 na kuɗin ga ƙungiyoyin da suka horar da ɗan wasa tsakanin shekara 12 da 23.

Saboda haka, ƙaramar ƙungiya a Gyallesu ta fi dacewa da dabarar tarwaɗa: ta raini yara da yawa, ta yi wa kowannensu rajista a hukumance. Gwarzo guda karaya ɗaya ta ishe shi, kuma yaron da ba shi a rajista, ko ya shahara, ƙungiyar ba ta da hujjar neman kasonta.